Abin da Gubar Dalma ta Zamfara ta Koya Mana Game da Lafiyar Gida

 

Yau tambaya za mu fara da ita. Me ya sa ciwo yakan yi ta zarya a wani gida, ya bar wani gidan? Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa jaririn da aka haifa a Japan ana sa ran zai haura shekara 80, amma wanda aka haifa a Nijeriya tsammanin bai kai shekara 60 ba. Jiki dai iri ɗaya ne. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani babban rahoto a kan wannan, inda ta ce bambancin yana fitowa ne daga yanayin da aka haifi mutum a ciki, ya girma, ya yi sana'a, har ya tsufa. Don maganar ta fito fili, bari mu ɗauki abin da ya faru a Jihar Zamfara.

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yar Galma da Abare. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Yaran da suka rasu sun kai kimanin 400. A wasu ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an samu cewa cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu cikin shekara guda.

To daga ina dalmar ta fito? Daga duwatsun zinare. A shekarun nan farashin zinare ya tashi sosai a duniya, noma kuma ba ya ƙosar da gida, sai magidanta suka koma haƙa. Duwatsun yankin suna da dalma mai yawa a cikinsu. Kin ga matakin farko ke nan: rashin abin hannu ne ya kai mutane ramin.

Mataki na biyu, a ina ake aikin? Mace mai zaman kulle a cikin gida take sana'arta, wannan sanannen abu ne. Sai aka riƙa shigo da duwatsun tsakar gida, mata na dakawa, wani lokaci ma da turmin da ake dakan hatsi, ana shanya garin a inda yara ke wasa. Wa ke rarrafe a ƙasan nan? Wa ke kai hannu baki? Ai yaye da goyo ne. Su iyayen nan neman na cefane suke yi, ba wanda ya taɓa gaya masu cewa ƙurar guba ce.

Na uku, yunwa. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. In kuma cikinsa ba abinci, ko yana fama da ƙarancin jini, sai jikin ya ƙara zuƙa. Wato yaran gida biyu za su shaƙi ƙura ɗaya, amma na gidan da ba a ƙoshi ya fi jigata.

Na huɗu, nisa da hukuma. Ƙauyukan suna nesa da asibiti, hanya ba kyau, musamman da damina. Maganin da ke fitar da dalma daga jini kuwa ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasa mai guba, dole sai an kankare saman ƙasar gida an zuba sabuwa. Mutanen Bagega sai a 2013 aka fara masu wannan aikin, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Duk tsawon jiran nan yara suna cikin guba. A 2015 kuma irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wata za ta ce, ni ai ba a haƙar zinare a garinmu. Gaskiya ne, amma ki duba matakan nan huɗu, za ki gan su a bayan gudawa da ƙyanda da wahalar haihuwa. Wasu sun fi ƙarfin mace ɗaya. Hanya da asibiti da ruwan famfo haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya kamata mazajenmu da masu unguwanni su riƙa neman su da babbar murya. Amma akwai waɗanda ke hannunki.

Duk sana'ar da ke tada ƙura ko hayaƙi mai wari, kamar fasa tsohon batirin mota ko narka ƙarfe, kada a yi ta a cikin gida. In maigida irin wannan aikin yake yi, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro, kayan kuma a wanke su daban. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Ki wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ci abinci. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai, an sha gwada shi a samu dalma a ciki, don haka a bar idon jariri haka nan. A abinci kuma, wake da zogale da alayyafo da nono da ɗan kifi ko hanta in an samu, kada su ƙare a kwanon manya, a fara da na yara da mai ciki.

Sai babbar magana, ta izini. Yaron da ke jijjiga ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani. Ki zauna da shi tun ana lafiya, cikin ladabi, ku yanke magana: in ciwo ya taso ba ya nan, wa zai raka ki, asibitin ina za a je, motar wa ko babur ɗin wa za a kira. Ku ware ɗan abin da za a ajiye don wannan ranar, ko daga kuɗin adashe ne. Ke kuma uwar miji, bakinki yana da nauyi a gidan nan. In kika ce a tafi asibiti, ba mai musa maki.

Wadda ta ji wannan ta gaya wa maƙwabciyarta da abokiyar zamanta, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A nan za mu dakata, sai wani makon in muna da rabon sake saduwa. A gaida yara, a huta lafiya.