Tsofaffin Safo Na Buƙatar Mai Bibiya

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Madalla. To, kakanninsu fa?

A ƙauyukan Safo akwai tsohuwar da hawan jini da ciwon suga suka haɗe mata, ido ya raunana, ƙafa ba ta kai ta likita, balle Maradi. Maganin safe ya ɓace, na dare ta sha sau 2, jikan da ke karanta takardar maganin yana gona.

Malamin asibiti guda ya kamata ya riƙe sunanta, ya leƙo gida, ya auna jini, ya zauna da surukar da ke jinyarta.

Shugabannin lafiya na Madarunfa, a ba shi babur da mai.