Ɗaurin Talala da Hukuncin Wanda Ya Karya Sharaɗinsa a Gundumomin Amurka



Makiyayi ya san talala. Ya kan ɗaure dabbarsa da doguwar igiya, ta yi kiwo ta sha iska, amma iyakarta inda igiyar ta tsaya. Daga nan ne muka sami sunan hukuncin da za mu tattauna a yau, watau wanda alƙali kan tabbatar wa mutum laifi, sa'an nan maimakon kurkuku ya bar shi a gida bisa waɗansu sharuɗɗa. Tambayarmu ita ce: idan ya karya sharaɗi, me kotu ke yi masa? Za mu dubi Amurka, inda kusan mutum miliyan 3 ke cikin irin wannan ɗauri, kuma yawancin shari'o'insu a kotunan gundumomi ake yanke su.

Asalin abin daga birnin Boston ne. A shekarar 1841 wani baduku mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi belin wani mashayin giya, ya yi alkawarin kula da shi. Da suka koma kotu bayan makonni 3, sai alƙali ya ga mutumin ya shiryu, ya sake shi da 'yar tara kawai. A 1878 Jihar Masacusets ta mai da wannan al'ada doka, sauran jihohi suka bi sawu.

Sharuɗɗan da aka saba gindayawa su ne: mutum ya riƙa kai kansa wurin jami'in sa-ido, kada ya bar yankin sai da izini, ya yarda a gwada fitsarinsa domin neman ƙwaya, ya biya tara da diyya, kana kada ya sake yin laifi. Saboda haka karya sharaɗi iri biyu ne. Akwai sabon laifi, kamar sata. Akwai kuma saɓa ƙa'ida kurum, kamar fashin zuwa ofis, abin da ba laifi ba ne ga sauran jama'a. Alƙali yana iya jan kunne, ko ya ƙara sharuɗɗa, ko ya tsawaita wa'adi, ko ya tsare mutum 'yan kwanaki, ko kuwa ya soke talalar ɗungum ya aika da shi kurkuku.

A nan ne gizo ke saƙa. Zaman soke talala ba kamar shari'ar farko ba ne. Babu taron masu taya alƙali yanke hukunci, kuma a yawancin jihohi ba a bukatar hujjar da ta kawar da kokwanto, ya isa a ce hujjar hukuma ta rinjayi tasa. Mutum yana iya rasa 'yancinsa na shekaru cikin zaman da bai kai sa'a guda ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta kafa shinge a shari'o'i biyu. Ta farko ita ce ta Gerald Scarpelli. A 1965 wata kotu a Jihar Wiskonsin ta yanke masa shekara 15 saboda fashi da makami, ta jingine hukuncin, ta ba shi talalar shekara 7. Ba a jima ba aka kama shi cikin gidan mutane a Jihar Ilinoi, aka soke talalar ba tare da an saurare shi ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta ce lalle ne a yi zama biyu, na share fage da na yanke hukunci, a sanar da mutum zargin a rubuce, a ba shi damar kawo shaidu. Batun lauya kyauta kuwa ta ce a duba halin kowace shari'a.

Ta biyu ta shafi talauci. A 1980 wata kotu a Jihar Jojiya ta ba Danny Bearden talala bisa sharaɗin biyan tarar dala 500 da diyyar dala 250. Ya ranto dala 200 wurin iyayensa ya biya, sa'an nan aka sallame shi daga aiki. Bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba, sai aka kulle shi saboda cikon. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne alƙali ya bincika ko ƙin biya mutum ya yi ko kasawa. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa, sai an fara duba wani horon kafin a yi maganar kurkuku.

Duk da haka ikon alƙalin gunduma yana da faɗi ainun, kamar yadda Gundumar Filadelfiya ta nuna. A 2008 aka sami mawaƙin nan Meek Mill da laifin bindiga da ƙwaya, ya yi zaman kaso na watanni, ya fito cikin talala. A watan Nuwamba 2017, Mai Shari'a Genece Brinkley ta yanke masa ɗaurin shekara 2 zuwa 4 saboda karya sharuɗɗa, alhali kuwa mai gabatar da ƙara da jami'in sa-ido duk ba su nemi a kulle shi ba. Kotun Ƙolin Jihar Fensilbeniya ta sa aka sake shi a Afrilu 2018. A Yuli 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin 2008 saboda shakkun da aka yi kan gaskiyar ɗan sandan da ya ba da shaida, wata guda bayan haka ya amsa ƙaramin laifin bindiga, shari'ar ta ƙare. Shi yana da kuɗi da lauyoyi da 'yan jarida. Dubban da ke bayyana a wannan kotu ba su da irin wannan gata.

Hayaniyar da aka yi ta taimaka wajen sauya doka. A Disamba 2023 Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu kan dokar da ta taƙaita kulle mutum saboda saɓa ƙa'ida kurum. Inda ta halatta kullewar, iyakarta galibi kwana 14 a karo na farko, kwana 30 a na biyu.

Mu ma a Nijeriya maganar ta iso ƙofarmu, domin dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi talala, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta kafa sashen horon da ba na kurkuku ba. Ku da za ku riƙe waɗannan ofisoshi, darasin Amurka a fili yake. Sharuɗɗa su zama kaɗan, waɗanda talaka zai iya cikawa. A rarrabe mai taurin kai da mai rashin hali. Horo ya yi daidai da girman saɓon, kuma kada a soke talalar kowa sai an ji ta bakinsa. In ba haka ba, abin da aka ƙago domin rage cunkoson kurkuku shi zai koma yana cika ta.