Rajista Ɗaya Ga Kwamfutocin Ofis: Amfaninta Da Haɗarinta



Ofishin da yake da kwamfuta 40, hanya biyu ce gare shi wajen ba ma'aikata izinin shiga. Ko dai kowace na'ura ta riƙe sunayen masu aiki da ita da kalmominsu na sirri, ko kuwa a tara sunayen duka cikin rajista ɗaya a wata babbar na'ura, wadda sauran za su riƙa tuntuɓa duk sa'ad da wani ya zo shiga. Kamfanin Microsoft ya sa wannan tsari na biyu cikin Windows NT a 1993, ya kuma faɗaɗa shi da sunan Active Directory a shekarar 2000.

Amfanin rajista ɗaya yakan fito fili ne ranar da aka sallami akawu. A tsari na farko, tilas a bi na'urori 40 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ana soke sunansa, kuma da wuya a gama ba a tsallake wata ba. Wadda aka manta kuwa ta zama ƙofar baya zuwa ga takardun albashi da na sirri. A tsari na biyu sau ɗaya ake rufe sunan, sauran na'urori su daina karɓarsa. Kazalika ana iya sanin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, abin da masu binciken kuɗi ke nema kullum.

Amma fa wanda ya mallaki rajistar ya mallaki ofishin gaba ɗaya, in kuwa ta halaka aiki ya tsaya. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja, NotPetya, ta shafe na'urorin rajista na Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wuta lokacin da abin ya auku. Daga ita aka sake gina sauran.

Saboda haka ma'aikatar da ta zaɓi wannan tsari lalle ta tanadi na'urar rajista biyu, da kwafi na uku a kulle, wanda ba a haɗa shi da komai ba, da albashin ƙwararren da zai kula da su. Ofis mai kwamfuta biyar kuwa, wannan ɗawainiya ta fi ƙarfin bukatarsa.