Kada a Tilasta wa Mai Tabon Firgici Ba da Labari



Ba sai na tuna wa mutanen Tawa abin da ya same mu ba: harin Tazalit a 2016, na Intikan a 2020, sai ranar 21 ga Maris 2021 da 'yan bindiga bisa babura suka afka wa Intazayan da Bakorat a yankin Tiliya, gwamnati ta ƙirga gawa 137. Ga kuma 'yan bidar Adar da ke dawowa daga Libiya da abin da ba su iya faɗa wa ko iyayensu. Masu tabon firgici suna nan cikinmu, babu gardama. Saɓanina da abokan aiki a kan yadda muke karɓarsu ne.

Mace takan zo da ciwon kai da zafin ƙirji, ta ce, "Gabana faɗuwa yake, ba na barci." Babur ya gifta a ƙofar asibiti, sai ka ga ta ɗauke numfashi ta damƙe bakin zanenta. Me muke yi mata? Ko dai a rubuta mata diyazefam a sallame ta, ko a zaunar da ita a ce, "Faɗa mana duk abin da ya faru." Wata ƙungiyar agaji ta cika takardarta, gobe wata ta zo da tata, jibi wata. Kowace tambaya mayar da ita take yi cikin wancan yini, mu kuwa muna cewa taimako ne.

Ga hujjata. Wannan salo na zama ɗaya, a sa mutum ya amayar da komai da zafinsa, a Amurka aka ɓullo da shi a shekarun 1980 domin 'yan kwana-kwana da masu aikin ceto. Ya bazu duniya tun ba a gwada shi ba. Da aka gwada fa? A 1997 Jonathan Bisson da abokan aikinsa a Birtaniya suka buga binciken da suka yi a kan waɗanda wuta ta ƙona. Aka raba su biyu, aka yi wa rukuni ɗaya irin wannan zama, aka ƙyale ɗayan. Bayan wata 13, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka sa ba da labari suna fama da ciwon firgici, waɗanda aka ƙyale kuwa kashi 9 kacal. A 2000 wani binciken a Oxford ya bi waɗanda suka yi haɗarin mota har shekara uku, nan ma waɗanda aka yi wa zaman ne suka fi jigata. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina, a 2013 kuma ta ce kada a ba da dangin diyazefam domin firgici a watan farko. Mu ga shi har yau muna yin duka biyun.

Hanyar da nake bi ba baƙuwa ba ce. Tun 1992 Judith Herman ta jera matakan warkewa uku: aminci tukuna, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin jama'a. Aminci a aikace shi ne mace ta zaɓi inda za ta zauna, ko da inda take hangen ƙofa ne. A nemi izininta kafin kowace tambaya, a gaya mata tana da ikon cewa ya isa. Idan Tamajak ko Fillanci take ji, ita za ta yarda da tafinta. Ba a sa mace ta buɗe sirrinta ta bakin ƙanen mijinta. A fara da barci, abinci, bashi da yara, a koya mata jan numfashi a hankali. Labarin zai zo ranar da ta shirya, a gaban wanda aka horar, kuma ba a zama ɗaya ba.

Wasu na cewa mutanenmu suna da haƙuri da tawakkali. Suna da su, kuma liman da ungozoma abokan aikinmu ne. Amma mai karaya yakan yi addu'a, ya kuma nemi mai ɗori. Wasu na cewa ba mu da ƙwararru. Tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 zama biyar ne, a hannun mutanen da ba likitoci ba, an kuma gwada shi a Peshawar da Nairobi ya yi aiki. A Zimbabuwe tsofaffin mata ne ke yin irinsa a kan benci.

Don haka ina kira da abu uku. Ƙungiyoyin agaji su haɗa rajistarsu, a tambayi mutum sau ɗaya. Hukumar lafiya ta jaha ta horar da majo da ungozoma na asibitocin karkara, daga Tiliya da Tasara har Bangi. Jami'ar Djibo Hamani kuma ta sa hannu a shirya wannan horo da Hausa da Tamajak da Fillanci.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku tambayi mutum abin da ya gani, ku tambaye shi inda zai kwana yau da abin da zai ci.