Faɗuwar Rana, Titi da Alƙibla



Zan fara da kalma, tun da yake ita ce sana'ata. Bahaushe yana kiran nahiyar da rana ke faɗuwa "yamma", yana kuma kiran lokacin faɗuwar tata "yamma". Wannan ya sa mukan ɗauka kullum wuri ɗaya take faɗawa, alhali ba haka ba ne. A ƙasar Kano ta kudu, watau su Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mafaɗar rana takan gusa arewa kimanin digiri 24 a watan Yuni, sa'an nan ta koma kudu kamar haka a Disamba. Sau biyu kaɗai a shekara, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, take faɗawa yamma sak. Wanda ke shakka ya je bakin madatsar ruwa ta Tiga, inda ba gini ba bishiya a gabansa, ya yi alama yau, ya komo bayan wata uku. A Doguwa kam duwatsun Riruwai za su iya tare masa ita tun ba ta kai ƙasa ba.

Mutanen Manhatan, cikin birnin Niyu Yok na Amurka, sun mai da wannan gushi abin kallo. Titunansu an shata su ne tun 1811, a miƙe sambal, amma sun karkace daga yamma da digiri 29. To, a ƙarshen Mayu da kuma wajen 12 ga Yuli, rana takan faɗi daidai bakin kowane titi, tsakanin dogayen benaye, jama'a su cika hanya suna ɗaukar hoto. Masanin taurari Neil deGrasse Tyson ne ya yayata abin. Da za a ɗauko titunan nan a dasa a Ƙiru, har abada ba za a ga haka ba, domin ranarmu ba ta wuce digiri 24.

Garuruwanmu na asali ba su da irin wannan shata. Lungu ne mai kwana-kwana, kuma ni ban ga aibinsa ba, don yana kare rana, yana kare idon baƙo. Amma muna da miƙaƙƙen layi guda wanda kowane gari ya yi tarayya a cikinsa, shi ne alƙibla. A nan ma harshe ya yi mana rufa-ido, gama mukan ce mutum ya "fuskanci gabas" in zai yi salla. Daga wannan yanki namu, Makka tana arewa da gabas da kimanin digiri 22. Saboda haka, in an daidaita masallaci sosai, rana takan ɓullo daidai saitin gaban liman wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, da kuma tsakiyar Yuli. Takan faɗi daidai bayan sahu wajen farkon Disamba da farkon Janairu, in hazon hunturu ya bari a gan ta.

Inda abin ya zama na damuwa shi ne, yawancin gini da rani ake yinsa, bayan an gama kaka. Maginin da ya dubi mafitar rana a Disamba ya ja igiyar harsashin masallaci, ko mai haƙa kabari da ya yi haka, ya kauce wa alƙibla da fiye da digiri 45. Wannan rabin tazarar da ke tsakanin gabas da kudu ke nan.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. Ran 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10:18 na hantsi agogon Nijeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye daidai kan Ka'aba. A kafa sanda a miƙe a fili, a ja layi bisa inuwarta. Wanda ya tsaya kan layin nan ya fuskanci sandar, ya fuskanci alƙibla. Sai dai lokacin damina ne, in hadari ya rufe a Mayu, a jira Yuli.