Ƙwayar Cutar Maruru da Yadda Ta Gagari Magani a Asibiti



Ƙwayar cutar da ake kira Istafilokokas ita ce ke haddasa maruru da ruɓewar miki. Wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Ogston shi ya gano ta cikin mugunya a shekarar 1880, ya gan ta curi-curi kamar nonon inabi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa, lafiyarsa lau. Amma fa idan ta sami ƙofa, watau wurin fiɗa, ko ƙuna, ko kafar robar ƙarin ruwa, sai ta shiga jini, ta kama huhu ko ƙashi ko zuciya. Shi ya sa majiyyacin asibiti ya fi kowa shiga haɗarinta.

A kan wannan ƙwaya ce Alexander Fleming ya lura da aikin fenisilin a Landan cikin 1928. Da aka ba shi kyautar Nobel a 1945, ya yi kashedi cewa ba da magani ƙasa da kima zai koya wa cuta jurewa. Ba a jima ba maganarsa ta tabbata. Likita Mary Barber ta asibitin Hammersmith ta nuna cewa a 1946 kashi 14 cikin ɗari na ƙwayoyin da ta gwada sun gagari fenisilin. A 1948 sun kai kashi 59.

Dalili kuwa shi ne, magani yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai, su kuma su hayayyafa. A asibiti, inda ake ba da magani dare da rana, waɗannan ne ke cika ɗaki, hannun ma'aikaci yana kai su daga gado zuwa gado.

Da aka fito da metisilin a 1959, shekara biyu kawai aka yi Patricia Jevons ta ba da labarin irin da ya gagare shi a Ingila, wanda ake kira MRSA. Aka koma ga bankomaisin, shi ma a 2002 aka sami wadda ta fi ƙarfinsa a jihar Mishigan ta Amurka. A 2019 kaɗai, an ƙiyasta MRSA ta kashe mutum fiye da 100,000 a duniya.

To, ina mafita? Ingila ta rage wannan cuta ƙwarai bayan 2004, ta hanyar wanke hannu, da gwada majiyyata, da keɓe masu ɗauke da ita. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ma'aikacin da ke tsara kasafin asibiti ya tabbata akwai ruwa da sabulu a kowane ɗaki, da ɗakin gwaji mai aiki. Ɗalibi kuwa ya sani, duk kafson da ya saya a hannun ɗan talla ya sha ba da izinin likita ba, yana rage ƙarfin maganin da wata rana za a nema domin ceton ransa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.