Daga Bangi Zuwa Gaban Kyamara: Yadda Matashi Zai Shirya wa Gwajin Aikin Talabijin



Gabatarwa

Matashin da ya baro Bangi don neman aikin talabijin a Yamai yakan yini a mota, ta Madawa da Ƙwanni da Doso, riƙe da takardun shaidar karatunsa. Amma sau da yawa ba takardun ne ke yanke hukunci ba. Bayan tambayoyi, sai a zaunar da shi a situdiyo, a maƙala masa makirufo a wuyan riga, a haske shi da fitilu, a ce ya karanta labari. Wannan takarda tana magana ne a kan waɗannan ƴan mintoci, kuma matsayarta ita ce ɗan Bangi ko Buza ko Keita zai iya gama shirinsu tun yana gida.

Ƙofar da ta buɗe

Talabijin ta shigo Nijar a 1964 a matsayin kayan koyarwa a azuzuwan firamare, kafin a samu Télé Sahel. Daga shekarar 2000 tashoshi masu zaman kansu suka fara fitowa, Ténéré a gaba, sannan irin su Dounia da Bonferey. A ƙetaren iyaka, Arewa24 ta fara watsa shirye-shiryen Hausa zalla a 2014. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Mai Hausa a baki bai taɓa samun kasuwa irin ta yau ba.

Inda ake faɗuwa

Tarko na farko yana cikin rubutun Hausa kansa, domin boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "fara" tana iya zama ƙwaron da ke cinye gero, ko launin riga, ko soma aiki. "Gari" na iya zama mazauni ko abin tuwo. Wanda bai karanta jimla a zuci ba kafin ya buɗe baki zai ja wasali inda bai dace ba, kuma manomin da ke saurare zai gane nan take. Maganinsa shi ne ya nemi takardar labarin tun kafin a kunna kyamara, ya bi ta da biro, ya yi alama a inda zai numfasa da inda kalma ke da fuska biyu.

Tarko na biyu shi ne fassara. A gidajen labaran Nijar yawancin sanarwa da Faransanci suke zuwa, don haka ana iya miƙa wa mai neman aiki guda a ce ya juya ta zuwa Hausa. Kuɗi ne ke fi kayar da mutane. A kasuwar Madawa da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce: faran 100 dala ashirin, faran 500 dala ɗari, faran 1,000 jika guda. In takarda ta ce buhun albasa ya kai faran 15,000, mai gabatarwa ya ce "jika goma sha biyar". Wanda ya ce "dala dubu goma sha biyar" ya ninka farashin sau biyar a kunnen mai sauraro. A nan ɗan ƙauyen da ya taso yana ciniki ya fi wanda ya san kuɗi a littafi kawai.

Na uku shi ne kunyar harshen gida. Matasa da dama suna tsoron a ji "shina zuwa" ko "hwaɗi" a bakinsu, sai su ari muryar Kano ko ta wani fitaccen ɗan jarida da suka saba ji a rediyo. Aron yakan warware a jimla ta uku, hankali ya rabu biyu, numfashi ya sarƙe. Lallai ne a iya daidaitacciyar Hausa don karanta labarai, a kuma fitar da ɓ da ɗ da ƙ sarai. Sai dai a hira da rahoton fili, Adaranci da Gobiranci dukiya ne, domin da su manomin kwarin Maggiya zai saki jiki ya yi magana.

Jiki da sutura

Tarbiyyar gida ta koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba. Kyamara kuwa ido take so, don haka sai ya ɗauki gilashinta tamkar fuskar aboki guda. Ya zauna a miƙe, ya daina lilo a kujera. Tufafi masu ƙananan zane-zane suna rawa a allo, farar shadda mai ƙyalli tana kashe hasken fuska, kore kuma na iya ɓacewa in bangon situdiyon kore ne. Awarwaro da mayafin da ke gogar makirufo suna shiga sauti. In ya yi tuntuɓen harshe, ya gyara kalmar ya wuce, domin masu gwajin suna duban yadda yake farfaɗowa.

Shawarwari

Matashi ya jingina wayarsa a kan tulu ko taga, ya ɗauki kansa yana karanta labarin minti ɗaya kullum, ya kalla, ya sake. Ya saurari labaran Muryar Sahel da Studio Kalangou, ya fassara sanarwa guda kowace rana, ya karanta wa kakarsa. In ba ta gane ba, fassarar ba ta nuna ba. Ya kalli tashar da yake nema na mako biyu kafin ranar gwaji, ya haddace sunayen gundumomin jihar Tawa da na hukumominta.

Ga gidajen rediyon al'umma na Madawa da Buza da Keita, wannan takarda tana roƙon su ba ɗalibai ƴan mintoci a mako su karanta sanarwa kai tsaye. Malaman sakandare kuma su ware awa ɗaya ta karatu da babbar murya cikin Hausa da Faransanci, a ɗauka da waya, ɗalibai su kalla tare su yi wa juna gyara.